Malam Abarshi da Randar Makarantarsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gidan Bakoji, ƙauyen nan na bakin daji mai tafiyar rabin wuni daga Dogon Dawa, ya san mutumin da ke fara taka hanyar bayan gari da zarar gari ya waye. Dogo ne siriri, yana tafe a ɗan rankwafe, rajista a hammata, tsintsiya a hannu. Malam Abarshi ke nan. Yakan buɗe ƙyauren makaranta, ya share kashin jemagu, ya jera alluna, ya fito ya buga guntun ƙarfen da ke rataye a jikin ɗorawa. Daga nan sai ya tsaya bakin ƙofa yana duban hanya, ya ga yara nawa za su zo yau. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan tsayuwa.

A 1936 En'e ta ce a gina elementare a garin. Mutane ba su iya cewa a'a ba, sai suka ba ta fili can gefen daji, inda ba mai son noma saboda birai. Malamin da aka turo musu daga Zazzau, wato Malam Abarshi, shi ma a gefen aka ajiye shi. Matarsa Ma'u ta rasu a shekararsu ta uku, ba ɗa ba jika, bai kuma sake aure ba. Ba wanda ya taɓa zaginsa. Ana gaishe shi, amma in ya iso majalisa sai hira ta koma ta damina da farashin dawa har ya tashi. Wata tsohuwa, Hajjo, ke tuƙa masa tuwo, shi kaɗai yake ci. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ji ana shirya masa ko da fura ba. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba a san shi da bulala ba, amma akwai yaran da suka gwammace bulala da tambayarsa. In yaro ya kawo lissafi daidai, Malam ba ya gaggawar cewa madalla. Sai ya ce, “To, ta ina ka biyo?” In kuskure ya kawo, ita ce dai tambayar. Kowa sai ya ja layi a tsakiyar allonsa: dama amsa, hagu hanyar da ya bi, har da inda ya yi tuntuɓe da inda ya yi shakka. Duk maganar da za ta fito daga bakin ɗalibi kuwa sai ya faɗi irinta, gani ya yi, ko ji ya yi, ko zato yake. Malam ya ce wani maharbi ne ya koya masa, ranar da ya ɓace a daji yana sabon zuwa. Maharbin ya ce masa wanda ya ɓace ba gaba zai ƙara ba, komawa zai yi ya duba sawunsa.

Iyaye ba su gode masa ba. Wa zai gode? Uba ya ce gobe za a yi ruwa, ɗansa ya ɗago ya ce, “Baba, gani ka yi ko zato?” Mari ya biyo baya, kuma rabin marin nan na Malam ne. Malaman zagaya masu duba makarantu su ma ba su yaba ba, don yaransa ba su iya rera lissafi baki ɗaya kamar na sauran wurare. Tsararrakinsa suka yi ta hawa, shi yana nan inda aka sauke shi.

Amma yaran nan akwai su da warware matsala. Dabo, tsohon ɗalibinsa wanda yanzu malamin gona ne, shi ya ba ni yawancin labarin nan. Ya ce wata shekara birai suka addabi masarar gonar makaranta. Aka kafa mutum-mutumi, birai suka hau kansa suka zauna. Malam ya tambaye su me suka ɗauka gaskiya ne ba tare da sun duba ba. Kwana uku suna leƙe, sai suka lura birai ba sa saukowa sai an buga ƙarfen tashi. Ashe su ma sun haddace lokacin makaranta. Yara suka daina buga ƙarfen, suka riƙa sulalewa biyu-biyu, aka samu masara ta nuna.

Abin da ya sa na ce a jinjina masa kuwa ya faru ne a daminar 1947. Takarda ta zo daga ofis cewa duk makarantar da masu zuwanta ba su kai ashirin ba za a rufe ta. A rajistar Malam akwai suna ashirin da shida, amma da damina goma sha ɗaya ke zuwa. Sauran suna kwance da kurkunu, farar tsutsar nan mai tsawo kamar zare da ke ɓullowa a ƙafa, ta kwantar da mutum wata biyu ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Mutanen gari sun daɗe suna cewa boko ke kawo kurkunu. Malam kuwa ya daɗe yana cewa jahilci ne, dabara ce ta riƙe yara a gona. Makarantar nan ita ce gidansa da danginsa, in an rufe ta bai san inda zai sa kansa ba. Ya karanta wa ɗalibansa takardar, don ba shi da wanda zai karanta wa sai su.

Cikinsu akwai Huraira, 'yar wani makiyayi mai suna Jaji da ya kafa ruga a gefen gari a shekarar. In ofis ya nemi yara, Dagaci Salmanu bai cika taɓa 'ya'yan masu gari ba, na baƙi yake kamawa. Haka aka kawo ta da ruwan farko, tana da shekara kamar goma sha biyu, Hausarta ma da ɗan gargada.

Malam ya ce su jera abin da suka sani game da ciwon. Dabo ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, an ce boko ke kawo shi.”

“Wannan ba magana ba ce. A wuce.”

Sai muryar Huraira daga baya: “Malam, ita maganar nan ba ka tambaye ta ta ina ta biyo ba.”

Dabo ya ce kowa a ɗakin ya ɗauka faɗa zai biyo baya. Malam ya daɗe yana juya alli a hannu, sannan ya ce ta yi gaskiya. Ya aike su gida-gida su ƙirga. Abin da suka dawo da shi bai yi masa daɗi ba. Cikin yaran gari da ba sa zuwa makaranta, masu shan rijiya, da ƙyar aka samu uku masu kurkunu. Cikin 'yan makaranta, goma sha biyar. Ruwa ba ya tsami banza, iyayen nan gani suka yi.

Suka shiga neman abin da ɗan makaranta ke taɓawa wanda ɗan gida ba ya taɓawa. Alli, allo, tabarma, sai randar ruwan sha. Littafin kiwon lafiya ya ce ƙazamin ruwa ke kawo ciwon. Amma ruwan randar daga Tafkin Dutse ake ɗebo shi, nan kusa da makaranta, garai-garai, kana hango ƙasan moɗa. Ga kuma Huraira da sababbin zuwa uku, kullum suna sha, ƙafafunsu lafiya lau. Aka soke randa daga lissafi. Malam ya ji sanyi a ransa, kuma daga baya ya ce wannan sanyin ne ya kamata ya sa shi shakka.

Bayan kwana biyu Huraira ta riga kowa zuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa allonta. Gefen dama ba komai, gefen hagu cike.

“Malam, na koma kan sawuna, na ga inda na ɓace.”

“Ina ne?”

“Na ɗauka kurkunu kamar ciwon ciki ne, ka ci yau ka kwanta gobe. Ba wanda ya gaya mini haka, ban kuma gani ba. Zato ne na ajiye shi a wurin gani.”

“To, sai me?”

“A ruga, ranar da saniya ta haihu ba ranar ta ɗauki ciki ba. Tsutsar nan ta fi hannuna tsawo, Malam. Ba a mako ɗaya ta girma ba. Mu da muke lafiya, wataƙila lokacinmu ne bai yi ba.”

Malam ya miƙe. Ya buɗe akwati ya fito da tsofaffin rajistoci, ya shimfiɗa su a tabarma, yara suka kewaye shi. A 1941 ya sayi randar, da kansa, don tausayin masu zuwa daga nesa, don kuma ya hana yara tafiya gida shan ruwa da rana su ƙi dawowa. A shekarar, biyu ne suka yi kurkunu. A shekara mai bi mata, tara. Daga nan bai sake sauka ba. Yaran da gidajensu ke kusa, masu komawa su sha rijiya, ko ɗaya bai taɓa kwanciya ba. Shi kansa Malam ruwan rijiya yake sha a gida. Shekara shida yana zargin iyaye da jahilci, alhali kullum shi ke sa a cika randar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dabo ya ce shi ne ya ba da shawarar da har yau yake jin kunyarta. “Malam, mu fasa ta mu yi shiru. Ba wanda zai sani.”

Malam ya ce, “Manoma na shan tafkin nan in sun fito gona. Su wa zai gaya musu?”

Fasa randa ma ba magani ba ne, don dole yara su sha ruwa. Rijiya na da nisa, dafa ruwan mutum ashirin kullum kuwa sai a bar karatu a koma neman itace. Washegari Huraira ta zo da guntun farin yadin akoko, irin wanda uwarta ke tace madara da shi. Suka tace ruwan tafki, suka ɗauraye ƙyallen a farin kwano, suka fita da shi rana. Sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna tsalle a ciki, ƙanana kamar garin gero. Suka gwada ƙyalle ninki ɗaya, wasu suka wuce. Suka ninka biyu, ba su ga ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa Malam ya sa rigarsa mai kyau ya tafi zauren Dagaci, inda dattawa suka cika. Ya cire takalmi ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, kun ce makaranta ke kawo kurkunu, na ce jahilci ne. Ku ne da gaskiya, ni ne ban duba ba. Amma ba karatu ba ne. Randata ce.”

Zaure ya kaure da hayaniya. Wani uba ya miƙe yana cewa ɗansa har yau bai miƙe gwiwa ba. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Malam, bara ka ce ƙarya muke. Yau ka ce randa. Gobe kuma me za ka ce? Ga 'yar Jaji can tana shan randar taka, me ya same ta?”

Huraira na tsaye a waje bayan ubanta. Ba a saba yarinya ta yi magana a zaure ba, Jaji ya yi ta harararta, amma ta riga ta buɗe baki.

“Ranka ya daɗe, wata biyu ina sha kafin mu fara tacewa. Baɗi war haka a duba ƙafata.”

Ta miƙa takardar da suka rubuta a aji. Suna goma ne a ciki, na waɗanda suka sha randar bana kafin ƙyalle, waɗanda suka ce kurkunu zai fito musu baɗi, nata ne na farko. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya shigo daga yanzu, ya sha tataccen ruwa kaɗai, ba zai yi kurkunu ba. Dagaci ya juya takardar, ya soke ta a rufin zaure, ya ce Allah ya kai mu.

Gaskiya ba ta saya wa Malam komai ba a lokacin. Kafin mako ya zagayo, iyaye suka janye 'ya'yansu, yara shida suka rage masa. Dagaci, don tsoron ofis, ya kamo wasu biyar daga cikin baƙin manoma a watan nan. Malamin zagaya ya zo, ya ji labari daga bakin Malam ba ragi, ya girgiza kai ya ce zai roƙa masa jinkiri zuwa ƙarshen damina mai zuwa, daga nan kuma ba ruwansa.

Wannan shekara ita ce mafi tsawo a rayuwarsa. Gaisuwar ma da ake yi masa ta ragu. Hajjo ba ta daina tuwo ba, amma sai ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Kullum da kansa yake wanke ƙyallen, ya shanya, ya ɗaure bakin randa. Abin da ke cinsa kuwa ba shi da wanda zai gaya wa. In kurkunu ya fito wa Huraira, gari zai yarda ruwa ne ba karatu ba, makaranta ta tsira. In bai fito ba, an rufe ta, shi kuma ya zama maƙaryaci sau biyu. Wane irin malami ne zai zauna yana jiran ciwon ɗalibarsa? Gaba kura, baya sayaki. Liman ya shaida mini cewa sau ɗaya Malam ya taɓa neman addu'a a wurinsa, kuma ba ta makaranta ba ce. Cewa ya yi a roƙa wa 'yar Jaji Allah ya tsare ƙafarta.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ɗaya daga cikin goman ya kwanta, sai na biyu, sai na uku, har da waɗanda aka cire daga makaranta tun bara. Mutane suka ce boko ne ya bi su gida. Huraira kuwa tana ta zuwa da gudunta, Malam na satar kallon ƙafarta yana hamdala a ɓoye, yana kuma lissafin kwanakin da suka rage masa. Ana noma na biyu ta yi fashi. Kwana ɗaya, kwana biyu.

A rana ta uku da hantsi, yana tsaye bakin ƙofa, ya hango taro a hanya. Jaji ne a gaba yana janye da takarkari, Huraira a bisa, ƙafarta ta hagu a kumbure kamar tulu, farin zaren ya leƙo a idon sawu. Bayansu rabin gari ne, har da Dagaci. Jaji ya tsaya ya ce, “Malam, ni ta bayan gari na so mu biyo. Ita ta ce sai ta tsakiyar kasuwa.”

Gumi na zuba a fuskarta don zafi, amma sai da ta yi murmushi.

“Malam, ya fita daidai.”

Mutumin da bai taɓa rasa tambaya ba, ran nan ya rasa. Ya dafa wuyan takarkarin, ya sunkuyar da kai, ya yi kuka a gaban mutanen da suka shekara goma sha ɗaya ba su taɓa ganin ko dariyarsa sosai ba. Dagaci ya zaro takardar nan, duk ta yi hayaƙi, ya ba Dabo ya karanta da ƙarfi. Kafin damina ta ƙare, takwas cikin goman sun kwanta. Biyar ɗin da suka sha tataccen ruwa, ko ƙurji. Kafin a yanke dawa, yara ashirin da huɗu ke zaune a tabarmar Malam, kuma manoma sun fara tafiya gona da guntun akoko a aljihu.

Kai ne, Malam Abarshi, ka koya wa yaran ƙauye su dubi tunaninsu kamar yadda ake duba sawu, har tunanin nan ya juyo ya kama ka, ba ka gudu ba. Kai ne ka durƙusa a zaure ka ce ni ne, alhali kana iya fasa tukunya ka tsira da mutuncinka. Ɗorawar bakin daji, ana cin kalwarki ba a san mai shuka ba. Ba ka tara dukiya ba, ba a kira ka Zazzau an rataya maka lamba ba, amma a Gidan Bakoji yanzu akwai yaran da ba su san kurkunu ba sai a labari. Mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Ma'u, ya sa ka gama lafiya. Malaman da ke tasowa kuma, ku yi koyi. Kada ku tsaya ga amsar yaro, ku tambaye shi hanyar da ya bi, ku kuma shirya wa ranar da hanyar za ta ɓullo a ƙofarku.

Huraira wata uku ta yi a kwance, idon sawun kuma bai sake lanƙwasuwa daidai ba. Yanzu tana da 'ya'ya uku a rugarsu, kuma in magana ta rikice wa matan yankin, wurinta ake zuwa. Makon jiya na je wurin Malam, na same shi yana ɗaure littattafansa da igiya. Muna zaune sai ga ta ta wuce a hanya da ƙwaryar nono a ka, tana ɗan ɗingishi. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai makaranta ta tsaya, har ana maganar ƙara mata ɗaki.

Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya ce, “Ta tsaya, amma da ƙafar yarinyar can ta tsaya. In za ka rubuta, ka sa sunanta. Ka kuma sa cewa ni na cika randar.”